Kansila Mai Gidan Giya: Tarihin Dokar Rufe Mashaya a Birnin Shikago

A cikin shekarar 1902 wani ɗan jarida na Amurka mai suna Lincoln Steffens ya buga labarin yadda ake tafiyar da mulkin birnin St. Louis, a ciki kuwa ya kawo wata 'yar hikaya da mutanen garin suke ba juna don raha. Wai wata rana majalisar birni tana cikin zama, sai wani mai barkwanci ya ba wani yaro 'yan kuɗi, ya ce masa ya ruga cikin zauren ya yi kururuwa cewa gidan giyar maigida ya kama wuta, kada kuma ya ambaci sunan kowa. Yaro ya yi yadda aka ce. Kafin ƙiftawar ido zauren ya kusa zama wayam, domin kusan kowane kansila ya ɗauka da shi ake. Hikaya ce ta raha, amma da ba ta yi kusa da gaskiya ba, da ba ta ba kowa dariya ba. A manyan biranen Amurka na ƙarshen ƙarni na 19, sana'ar sayar da giya tana cikin manyan hanyoyin da talaka yake bi ya kai ga kujerar majalisa.

Abin da wannan lacca za ta bi diddiginsa shi ne tarihin wannan al'amari a birni guda, watau Shikago ta jihar Ilinoi, tun daga 1855. Tambayar da aka yi ta jayayya a kai mai sauƙi ce a baki: ƙarfe nawa ya kamata a rufe mashaya da dare, kuma a buɗe ta ran Lahadi ko kada a buɗe? Sai dai masu ba da amsa su ne 'yan majalisar birni, cikinsu kuwa akwai waɗanda abincinsu yake cikin mashayar. Wanda bai san labarin ba zai zaci irin waɗannan kansiloli sun dukufa ne ga soke dokar rufewa, don su sami damar ciniki dare da rana. Al'amarin ya fi haka zurfi. Doka mai tsanani wadda take rubuce a littafi, ana zartar da ita a kan wani ana ɗaga wa wani ƙafa, ta fi yi musu amfani nesa ba kusa ba bisa ga rashin dokar ɗungum.

Lokacin da Shikago ta zama birni a hukumance, cikin 1837, mutanenta ba su wuce dubu huɗu da 'yan kai ba. Ya zuwa 1890 sun haura miliyan ɗaya, a 1910 kuwa sun haura miliyan biyu. Yawancin wannan jama'a baƙi ne ko 'ya'yan baƙi daga Turai: Jamusawa da mutanen Ailan tun da fari, daga baya mutanen Bohemiya da Polan da Italiya. Kwana shida suke yi suna aiki a mahauta da masana'antu da tashoshin jirgin ƙasa, Lahadi kaɗai ce ranar hutunsu. Bajamushe ya taso ya tarar ana fita da iyali ran Lahadi da la'asar zuwa lambun shan giya, a ji kiɗa, a gana da dangi. Tsofaffin 'yan ƙasa mabiya ɗarikun Furotesta kuwa, waɗanda dukiyar birnin da jaridunsa suke hannunsu, sun taso ne a kan cewa Lahadi ranar coci ce da zaman shiru a gida. Saboda haka maganar lokacin rufe mashaya tun farkonta ba ta tsaya ga giya ba. Magana ce ta wane ne zai tsara wa wani yadda zai yi rayuwarsa.

Karon farko ya auku a 1855. A wannan shekara aka zaɓi Levi Boone magajin gari, a ƙarƙashin wata jam'iyya mai ƙyamar baƙi da 'yan Katolika. Da hawansa aka ɗaga kuɗin lasin sayar da giya daga dala 50 zuwa dala 300, ya kuma umarci 'yan sanda su zartar da tsohuwar dokar rufewa ran Lahadi, wadda aka daɗe da mantawa da ita. Aka kama mutum wajen ɗari biyu, galibinsu Jamusawa, alhali mashayun da 'yan ƙasa suke zuwa ba a cika taɓa su ba. Ranar 21 ga Afrilu, da aka zo sauraron shari'ar, jama'a suka yi dafifi daga arewacin birnin suka nufi kotu. Boone ya sa aka juya gadar Titin Clark, wadda take buɗewa don jiragen ruwa su wuce, har sai da 'yan sanda suka shirya. Da aka mayar da gadar aka gwabza, mutum guda ya mutu, aka kama wajen sittin. Shekara na zagayowa baƙin suka fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu suka jefa ƙuri'a, jam'iyyar Boone ta faɗi, kuɗin lasin ya koma inda yake.

Bayan babbar gobarar 1871 aka maimaita wasan. Joseph Medill, mai jaridar Tribune, wanda aka zaɓa don ya sake gina birnin, ya biye wa wani kwamiti na attajirai da shugabannin coci, ya sa aka koma rufe mashaya ran Lahadi. Jamusawa da mutanen Ailan, waɗanda ba kasafai suke shan inuwa ɗaya ba, suka haɗa kai suka kafa jam'iyya, suka lashe zaɓen 1873, majalisar da ta hau kuma ta sassauta dokar birni ta Lahadi a 1874. Amma akwai wani abin lura, wanda shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. Dokar jihar Ilinoi wadda ta hana buɗe mashaya ran Lahadi tana nan daram, ba wanda ya soke ta, haka kuma dokar birni ta rufewa da tsakar dare. Abin da 'yan siyasa suka koya daga faɗuwar Boone da ta Medill shi ne kada a zartar da dokar. Ba su ga dalilin wahalar soke ta ba. Haka aka zauna shekara arba'in, kowane mai mashaya a birnin yana karya doka aƙalla sau ɗaya a mako, kowa kuma ya sani.

Kafin a yanke wa kowa hukunci, ya kamata a fahimci matsayin mashaya a wurin leburan wancan zamani. Mutumin da yake kwana su shida ko takwas a ɗaki biyu ba shi da zauren da zai karɓi baƙo. A mashaya yake jin ɗumi lokacin hunturu, a can yake mayar da takardar albashinsa kuɗi, a can wasiƙarsa take samunsa, a can yake jin inda ake ɗaukar aiki, ƙungiyar ƙwadagonsa ma a ɗakin bayan mashayar take taro. Wanda ya sayi giyar santi biyar yana da damar cin abincin da aka jera kyauta a gefen kanta. William Stead, ɗan jaridar Ingila da ya zauna a birnin cikin matsanancin hunturun 1893 zuwa 1894, ba masoyin giya ba ne ko kaɗan, amma ya shaida a littafinsa cewa wannan abinci na mashayu ya ciyar da ɗimbin marasa aikin yi a lokacin da ƙungiyoyin agaji suka kasa. Mai mashaya ya san kowa a unguwa, ya san mai bashi da mai neman aiki da wanda ɗansa yake hannun 'yan sanda. Idan jam'iyya tana neman wanda zai tara mata ƙuri'a, ba ta da wanda ya fi shi. Daga tara wa wani ƙuri'a zuwa tara wa kai kuwa taki ɗaya ne.

A 1883 majalisar jihar ta yi dokar da ta sa mafi ƙarancin kuɗin cikakken lasin ya zama dala 500 a shekara. Masu yaƙi da giya ne suka nemi haka, da zaton tsada za ta kashe ƙananan mashayu. Abin da ya faru dabam ne. Manyan kamfanonin giya suka riƙa biya wa masu mashaya kuɗin lasin da hayar gida da kayan aiki, bisa sharaɗin kada su sayar da giyar kowa sai tasu. Mai mashaya ya zama ɗan bashi, wanda ba shi da halin rufe ƙofa da tsakar dare muddin akwai sauran mai santi biyar a aljihu. Daɗin daɗawa, kuɗin lasin ya zama wani babban kaso na abin da yake shiga baitulmalin birni. Watau ban da kansilan da yake da mashaya tasa, majalisar kanta gaba ɗaya ta zama mai hannun jari a cinikin da aka ɗora mata alhakin tsawata wa.

Ita majalisar, a shekarun 1890 tana da kansiloli 68, biyu daga kowace gunduma cikin gundumomi 34. Ladan kansila a lokacin dala uku ne kacal a kowane zama. Duk da haka mutane suna kashe dubban daloli su ci kujerar, ba kuwa sai an yi dogon nazari ba kafin a gane cewa wani wuri ake fanshewa.

John Powers, kansilan Gunduma ta 19 tun daga 1888, misali ne da ya isa a tsaya a kansa. Yana da mashaya da gidan caca a tsakiyar birni, shi ne kuma shugaban kwamitin kuɗi na majalisa shekaru da dama. A gundumarsa ne Jane Addams ta kafa gidan taimakon baƙi na Hull House a 1889, ita da abokan aikinta kuwa suka tsayar da 'yan takara a kansa a 1896 da 1898, duka biyun ya kayar da su. Da ta zauna ta yi nazarin dalilin faɗuwarta, sai ta rubuta abin da mutanen ajinta ba su so ji ba. Ta nuna cewa Powers shi ne mai belin wanda aka kama, mai biyan kuɗin jana'izar matalauci, mai raba talotalo lokacin Kirsimeti, kuma yana alfahari da cewa mutum 2,600 na gundumarsa suna cin albashin hukuma ta dalilinsa. Talakan gunduma yana ganin alherin da idonsa, ɓarnar kuwa ba ya ganinta, domin a ɓoye take cikin tsadar kuɗin taragun titi da sharar da ba a kwashewa. Kowa ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski ran zaɓe.

Amma inda al'amarin ya kai maƙura shi ne Gunduma ta Ɗaya, wadda ta ƙunshi cibiyar kasuwancin birnin da manyan bankunansa, ta kuma ƙunshi gidajen kwanan 'yan ci-rani da gidajen caca, daga baya har da unguwar karuwai ta wajen Titi na 22. Kansilolinta biyu sun yi suna a duk faɗin Amurka. John Coughlin, wanda aka zaɓa a 1892, ya fara ne da aikin tausa a gidan wanka, har aka yi masa laƙabi da sana'ar. Daga baya ya mallaki gidajen wanka da mashaya da kamfanin inshora. Mutum ne mai son ado da surutu da dawakin sukuwa. Michael Kenna, wanda ya shiga majalisa a 1897, kishiyarsa ne ta kowace fuska: ɗan ƙaramin mutum, mai shiru, wanda da wuya a ga giya a bakinsa. Mashayarsa ta Titin Clark, mai suna Workingmen's Exchange, ta shahara da ƙaton kofin giya na santi biyar da abinci kyauta, a samanta kuma akwai ɗakunan kwana masu arha. Idan zaɓe ya ƙarato sai ɗakunan su cika da marasa galihu, a yi musu rajista, ran zaɓe kowa ya karɓi abinsa, wanda yawanci santi hamsin ne.

To, a nan ne ya kamata a duba yadda dokar rufewa take aiki a hannun irin waɗannan mutane. A takarda, magajin gari ne yake ba da lasin, shi ne kuma yake ƙwacewa, 'yan sanda kuwa su ne masu kai rahoton wanda ya wuce lokaci. A aikace, babban jami'in 'yan sanda na yanki ya san cewa zamansa a wurin ya rataya ne ga yardar kansila, domin magajin gari yana bukatar ƙuri'ar kansila a majalisa da ƙuri'un gundumarsa ran zaɓe. Jami'in da ya cika tsaurin ido sai ya wayi gari an mayar da shi wani yanki na bayan gari. Saboda haka idan sha biyun dare ta buga, akwai mashayu iri biyu a titi guda. Akwai wadda za a saki labule, a rufe ƙofar gaba, a ci gaba da ciniki ta ƙofar gefe har asuba. Akwai kuma wadda ɗan sanda zai tsaya a bakinta da agogo a hannu. Bambancin da ke tsakaninsu ba ya cikin littafin doka. Mai ta farkon ya ba da gudummawar zaɓe, ya sayi inshora inda aka nuna masa, ya liƙa hoton ɗan takarar da aka ce ya liƙa. Mai ta biyun ya yi gardama, ko kuwa ya ba 'yan hamayya ɗakin taro.

Da a ce an soke dokar, kowa ya buɗe har lokacin da ya ga dama, da kansila ba shi da abin sayarwa. Da a ce kuma an zartar da ita a kan kowa daidai wa daida, nan ma ba shi da abin sayarwa. Jarinsa yana cikin tazarar da ke tsakanin abin da aka rubuta da abin da ake yi. Ribar da Kenna yake samu daga awa biyu ko uku na ƙarin ciniki a kantarsa ba a bakin kome take ba idan aka gwada ta da ikon da ya samu a kan ɗaruruwan masu mashaya, waɗanda abokan gasarsa ne a kasuwa, talakawansa ne kuma a siyasa. Ƙaramin mai mashaya shi ne yake shan zagin limaman coci da kamun 'yan sanda, kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi.

Ba wai jihar ba ta da dokar hana jami'i haɗa amanar jama'a da amfanin kansa ba ne. Tun 1872 akwai dokar da ta hana mai riƙe da muƙami samun rabo a cikin kwangilar da zai jefa ƙuri'a a kanta. Sai dai masu dokar kwangila kawai suka hango. Lokacin rufe mashaya ba kwangila ba ne, ba a fitar da ko santi daga baitulmali a kansa, ba takardar da mai binciken kuɗi zai kama. Kansila mai mashaya yana iya zama ya yi muhawara a kan ƙarfe nawa za a rufe ƙofarsa, ya jefa ƙuri'a, bai taka doka ba.

Masu neman gyara sun yunƙura sosai bayan 1895, shekarar da majalisa ta ba wani kamfanin iskar gas na jeka-na-yi-ka, mai suna Ogden, izinin shimfiɗa bututu a titunan birni, alhali wasu manyan 'yan siyasa ne suke bayansa, nufinsu kuwa su tilasta wa kamfanin da yake aiki ya saye su. A 1896 aka kafa wata ƙungiya ta masu jefa ƙuri'a a ƙarƙashin George Cole, ta bi tarihin kowane kansila, ta bayyana cewa 57 daga cikin 68 ba amintattu ba ne. Cikin 'yan shekaru ta kori da yawa daga cikinsu, aka kuma yanka wa kansila albashi na shekara. Amma Powers da Coughlin da Kenna ba su motsa ba. Hasali ma a 1898, da attajirin taragun titi Charles Yerkes ya nemi a tsawaita masa izini na shekara hamsin, Coughlin da Kenna suka goyi bayan magajin gari Carter Harrison ƙarami, aka kayar da bukatar. Sun bar babbar ganima wadda idon jaridu yake kanta, suka riƙe ƙarama wadda take shigowa kowane dare, suka kuma sami magajin garin da yake jin nauyinsu. Harrison ya yi mulki daga 1897 zuwa 1905, ya sake dawowa daga 1911 zuwa 1915, bai kuwa taɓa ɓoye ra'ayinsa na cewa ba zai rufe mashaya ran Lahadi ba.

A farkon ƙarni na 20 majalisa ta mayar da lokacin rufewa ƙarfe ɗaya na dare, bisa hujjar cewa dokar da ta yi sassauci za a fi bin ta. Ban da wannan akwai izini na musamman da ake ba ƙungiyoyi su sayar da giya a wurin rawa da biki har ƙarfe uku, wanda samunsa ma yakan bi ta hannun kansila. A 1906, bayan wasu kashe-kashe da suka tayar da hankalin birnin, aka ninka kuɗin lasin ya zama dala 1,000 don a ɗauki ƙarin 'yan sanda. Mashayun birnin a lokacin sun haura 7,000, watau kuɗin ya kai wajen dala miliyan bakwai a shekara, kuma ɗan sandan da aka ɗauka don ya tsare dokar rufewa daga aljihun mai mashaya albashinsa yake fitowa. A wannan shekara kuma aka tsayar da ba da sabon lasin har sai yawan jama'a ya kai mutum 500 ga kowace mashaya. Nan take lasin da yake hannu ya zama kadara mai tsada, barazanar ƙwace shi kuma ta ƙara kaifi. Duk matakin da aka ɗauka don a matse cinikin, sai ya ƙara wa mai ikon sassautawa daraja.

Ƙarfin wannan tsari ya fi fitowa fili a bikin rawa na shekara-shekara da Coughlin da Kenna suka fara a 1896 don tara kuɗin siyasa. Kowane mai mashaya da mai gidan caca da magajiyar karuwai a gundumar sai ya sayi tikiti da yawa, ko zai je ko ba zai je ba, kamfanonin giya kuma su kawo kaya da rangwame. Dubban mutane suke cika babban zauren Coliseum, ana sha har gari ya waye, manyan 'yan sanda suna cikin baƙi. Shekara da shekaru limamai da jaridu suna kuka a banza. A 1909 magajin gari Fred Busse ya ƙi ba da izinin sayar da giya a wurin, bikin kuwa bai sake tashi ba. Sa hannu guda da aka hana ya gama abin da wa'azin shekara goma ya kasa, wanda ya nuna cewa ikon yana nan tun da can, niyyar amfani da shi ce babu.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu neman gyara suna da nasu rabon laifin. Kulob-kulob na attajirai suna ba membobinsu barasa ran Lahadi da kowane lokaci na dare, ba wanda ya yi zanga-zanga a ƙofarsu. Unguwannin masu hali, irin su Hyde Park wadda aka haɗe da birnin a 1889, sun sami dokokin da suka hana buɗe mashaya a cikinsu, abin da ya tura masu sha zuwa gundumomin su Kenna, ya ƙara musu ciniki. Sa'an nan sun fi son doka mai tsanani wadda ba a bi, bisa ga doka mai sauƙi wadda za a iya tsarewa, domin sassautawa a wurinsu tamkar amincewa da zunubi ne. Ta haka suka zama masu gadin tazarar nan da kansila yake ci daga cikinta, ba tare da sun nufa ba.

Shekarar 1915 ta tabbatar da wannan. William Hale Thompson, lokacin da yake neman kujerar magajin gari, ya sa hannu a takardar alkawari ga haɗaɗɗiyar ƙungiyar al'ummomin baƙi, wadda Anton Cermak yake sakatarenta, cewa ba zai zartar da dokar Lahadi ba. Cikin watan Oktoba sai ga umarninsa cewa a rufe kowace mashaya ran Lahadi bisa dokar jiha, shi kuwa ya hau jirgi ya tafi San Francisco. Cermak ya fito da takardar ya ba jaridu, a watan Nuwamba kuma dubun dubatar mutane suka yi jerin gwano a tsakiyar birni. Masu yaƙi da giya suka yi ta murna, amma murnar ba ta daɗe ba, domin ba a jima ba aka lura cewa mashayun magoya bayan Thompson suna buɗewa ta ƙofar gefe, na abokan hamayyarsa kuwa ana ƙwace musu lasin. Abin da kansiloli suke yi gunduma gunduma, shi ya tattara shi a ofishinsa. Shugaban 'yan sandansa, Charles Healey, ya gurfana gaban kotu a 1917 bisa tuhumar karɓar kuɗi daga masu haramtattun sana'o'i, aka sallame shi a 1918.

A watan Janairu na 1920 haramcin giya na ƙasa baki ɗaya ya fara aiki, bisa gyara na 18 ga tsarin mulkin Amurka. Yanzu tazarar ta zama awa ashirin da huɗu, kuɗin da ke cikinta kuma ya fi ƙarfin kansila. Jim Colosimo, wanda dā yaron su Kenna ne mai karɓo musu kuɗi, an harbe shi a watan Mayu na wannan shekara, harkarsa ta faɗa hannun Johnny Torrio, daga shi sai Al Capone. Waɗanda dā suke sayar da kariya suka koma masu zama da izinin 'yan bindiga. Kenna ya rufe mashayarsa ya koma sayar da taba, a 1923 kuma da aka mayar da gundumomi 50 masu kansila ɗaya ɗaya, ya bar wa Coughlin kujerar. Coughlin ya mutu a 1938 yana kansila, bayan shekara 46, dawaki sun cinye dukiyarsa. Kenna ya mutu a 1946 ya bar fiye da dala miliyan ɗaya.

Da aka janye haramcin a watan Disamba na 1933, jihar Ilinoi ta yi sabuwar dokar giya a 1934, a cikinta kuwa aka rubuta abin da dokar 1872 ta tsallake: ba za a ba magajin gari ko kansila ko jami'in tsaron doka lasin sayar da giya ba, ba a kuma yarda ya kasance da rabo a cinikin ba. An kuma hana kamfanonin giya mallakar mashayu. Shekaru da yawa bayan haka aka sassauta wa ƙananan garuruwa, inda samun 'yan takara yake da wuya, bisa sharaɗin kansila mai mashaya ya janye jikinsa daga duk wata muhawara ko ƙuri'a da ta shafi giya. Sharaɗi ne mai kyau gwargwadon inda ya kai, sai dai ƙuri'a yake tsarewa, alhali a Gunduma ta Ɗaya ba a zauren majalisa aka yi cinikin ba.

Al'adar ma ba ta mutu da dokar ba. Mathias Bauler, wanda aka fi sani da Paddy, ya zama kansilan Gunduma ta 43 a 1933. A ƙarshen wannan shekara rigima ta haɗa shi da wasu 'yan sanda biyu da suka zo ƙofar mashayarsa cikin tsakar dare, ya yi harbi ya raunata ɗan sanda, kotu kuma ta sallame shi. Ban da tsakanin 1943 da 1947, ya riƙe kujerar har 1967, kuma a mashayar nan ta mahaɗar titin North da Sedgwick jama'ar gundumarsa suke samunsa da koke-kokensu. Shi ne ya yi wa masu neman gyara dariya a daren zaɓen 1955, ya ce birnin bai shirya wa gyara ba tukuna.

Bayansa kansila mai mashaya ya ɓace daga majalisar, lauya da dillalin inshora da na gidaje suka maye gurbinsa, al'adar nan kuwa ta cewa ba a ba da izinin gini ko na kasuwanci a gunduma sai da yardar kansilanta ta ci gaba. Tun daga farkon shekarun 1970 kansiloli fiye da talatin na birnin kotu ta kama da laifin rashawa. Edward Burke, wanda ya zauna a majalisar daga 1969 zuwa 2023, ya kuma daɗe a kujerar shugaban kwamitin kuɗi wadda Powers ya taɓa riƙewa, an same shi da laifi a watan Disamba na 2023. Cikin abubuwan da aka tabbatar a kansa har da cewa ya sa an tsayar da aikin gyaran wani gidan abinci na Burger King a gundumarsa, bisa hujjar rashin wani izini, don masu shi su ba kamfaninsa na lauyoyi aikin harajin gine-ginensu. A watan Yuni na 2024 aka yanke masa ɗaurin shekara biyu da tarar dala miliyan biyu.